Maki 7 ɗin Kwaddibuwa ba shi ne ma'aunin kurket ɗinmu ba

Ranar Asabar da daddare ina zaune wajen mai shayin layinmu ana ta musun Arsenal kamar kullum, sai wani ƙanina ya miƙo min waya yana dariya har da riƙe ciki, wai "Yaya kai da kake damunmu da kurket, ashe mu ne zakarun duniya ba ka faɗa mana ba." Na karɓa na duba, tsohon labari ne ya sake zagayowa a WhatsApp, na wasan nan na ranar 24 ga Nuwamba 2024 da Najeriya ta ci maki 271 sannan ta fitar da 'yan Kwaddibuwa gaba ɗayansu suna da maki 7 kacal. Bakwai fa. A tarihin T20, wato gajeren wasan kurket, na ƙasa da ƙasa na maza ba a taɓa fitar da wata ƙasa da maki ƙasa da haka ba.

Kowa a bencin ya ji daɗi, har wanda bai san da hannu ake bugawa ko da ƙafa ba. Ni kaɗai ne na ɓata rai, har mai shayi ya ce Malam ko sukari ne bai ji ba.

Abin da ya dame ni shi ne wannan wasan ne kaɗai abin da yawancin mutanenmu suka taɓa ji game da tim ɗin kurket na ƙasarsu, kuma shi ne wasan da ya fi kowane rashin faɗa mana gaskiyar inda muke. Matsayata a fili take: ciwon tim ɗin nan yana cikin jadawalin wasanninsa. Su wa muke bugawa da su, sau nawa a shekara, a wane gari. In ba a gyara wannan ba to ko kocin duniya aka kawo mana haka za mu yi ta lallasa maƙwabta muna dawowa hannu rabbana daga wasannin share fage.

Ga wanda bai san wasan ba

A gajarce. T20 shi ne ɗan gajeren kurket, kowane ɓangare yana da oba 20, kowace oba jifa 6 ce, wato jifa 120 kenan, cikin awa uku da 'yan kai an tashi. Akwai na oba 50 mai cin yini guda, akwai kuma wanda ake kira Test mai kwana biyar, shi wannan ƙasashe 12 ne kawai ke da izinin buga shi, a Afirka kuwa Afirka ta Kudu da Zimbabwe ne kaɗai. Mu muna ajin 'yan rakiya ne a hukumar kurket ta duniya ICC tun 2002.

Daga 1 ga Janairu 2019 ICC ta ce duk wasan T20 na maza da ƙasashe mambobinta suka buga a tsakaninsu ya zama cikakken wasan ƙasa da ƙasa, za a rubuta shi a littafi ɗaya da na Indiya da Ingila. Abu ne mai kyau, ya buɗe wa irinmu ƙofa. Amma shi ne kuma ya sa alƙaluma suka fara ruɗin mutane, don maki ɗarin da ka ci a kan wanda jiya ya fara riƙe sanda da wanda ka ci a kan Ostireliya duk layi ɗaya ake jera su.

"To ai nasara nasara ce"

Wannan ita ce amsar farko da aka ba ni a bencin. Ban ƙi ba. Selim Salau da ya ci 112 a wasan nan ba kyauta aka ba shi ba, shi ya buga abinsa. Peter Aho ma a watan Oktoba 2021 a Legas ya fitar da 'yan Saliyo shida ya ba da maki 5 kacal, a lokacin babu mai jifan da ya taɓa yin haka a duniya a wannan tsarin, sai a 2023 wani ɗan Maleshiya ya karya tarihin a kan Chana. Sunan ɗan Najeriya ya hau saman jerin duniya, ni ma na yi murna ranar, ƙarya ne in ce ban yi ba.

Amma mu duba ɗaya gefen littafin.

A 2019 mun je wasan share fagen kofin duniya a Daular Larabawa, kuma mu faɗi gaskiya ba da ƙarfinmu muka samu gurbin ba, na uku muka zo a Kampala bayan Namibiya da Kenya, sai ICC ta dakatar da Zimbabwe saboda gwamnati ta sa hannu a harkar hukumarsu, aka ce Najeriya ta maye gurbi. Wasa shida muka buga, shida aka ci mu. Cikin waɗanda suka ci mu har da Jersey, wani ɗan tsibiri tsakanin Ingila da Faransa da mutanensa duka-duka ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba, wato ko ƙaramar hukumar Fagge ba su kai ba.

A Nuwamba 2023 a Windhoek, babban birnin Namibiya, Namibiya da Uganda suka ɗauke gurabe biyun Afirka na kofin duniyar 2024, muna wajen muna kallo. A 2025 a Harare, Zimbabwe da Namibiya suka ɗauke na 2026. Mu dai kullum mukan tsallake matakin farko cikin sauƙi, in an zo na ƙarshe sai numfashi ya ƙare.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san irin wannan. Akwai ɗan damben da a ƙauyensu ba a taɓa kai shi ƙasa ba, makaɗa na ta zuga shi, ranar da aka kawo shi Kano ko Sakkwato ya haɗu da wanda kullum da manya yake gwabzawa sai ka ga turmin farko ma bai ƙarasa ba. Ba ƙarfi ya rasa ba, bai taɓa jin naushin da ya fi nasa ba ne, saboda haka bai san yadda ake kare shi ba. Mai bugun da duk shekara jifa mai sanyi yake gani, ranar da bal ta taso masa da gudun kilomita 140 a awa ƙafarsa ba za ta motsa ba, ba kuma laifinsa ba ne.

Ko a teburin ICC ma lissafin haka yake, makin da kake samu ya danganta da ƙarfin wanda ka doke. Ka yi ta cin na ƙasa da kai shekara guda, ɗan taku kaɗan za ka yi.

"In muka je wajen manya ai kunya za mu sha"

E, za mu sha. Sosai ma. Sai me?

Uganda ce misalin da nake so mutane su riƙe, saboda ba Turawa ba ne, ba masu kuɗin mai ba ne, ba su fi mu komai ba. A 2021 sun je Windhoek suka buga T20 uku da Namibiya aka cinye su duka. Ba su ce to shi kenan mu koma cin Ruwanda ba, shekara ta zagayo suka sake komawa, a 2022 suka samu guda ɗaya cikin ukun. Suka sake komawa. Da aka zo share fage a wannan garin dai a 2023 filin ba baƙo ba ne a wajensu, iskar ba baƙuwa ba ce, suka doke Zimbabwe, ƙasar da ke buga Test tun 1992, suka wuce kofin duniya karo na farko. A can West Indies, wato tim ɗin ƙasashen Karebiyan, ta fitar da su da maki 39, abin ba kyan gani, amma kafin nan sun doke Papua New Guinea, kuma cikin tim ɗin akwai Frank Nsubuga mai shekara 43 wanda ya yi kusan rayuwarsa duka yana jiran wannan rana.

Namibiya fa mutum miliyan uku ne. Sun kai zagaye na biyu a kofin duniyar 2021, sun doke Sri Lanka a 2022, a Oktoban 2025 kuma suka doke Afirka ta Kudu a sabon filinsu na Windhoek. Mu muna sama da miliyan ɗari biyu muna murnar maki 7.

Kuma mu kanmu mun ga amfanin shan kashi. Yaranmu maza 'yan ƙasa da 19 sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020 ƙarƙashin Sylvester Okpe, suka faɗa rukuni ɗaya da Ostireliya da Ingila da West Indies, a wasa ukun nan babu wanda suka kai maki 70, sai Japan kawai suka iya ci a ƙarshe. Wasu sun yi ta dariya. Amma daga cikin yaran nan ne aka samu ƙashin bayan babban tim na shekarun da suka biyo, shi Okpe ɗin ya zama kyaftin, Aho ma da su aka je. Abin da suka gani a sati uku can, da sun shekara biyar suna cin maƙwabta ba za su gan shi ba.

Mata sun riga sun nuna hanya

Nan ne wajen da nake jin haushin yadda labari ke yawo a ƙasar nan. Ranar 20 ga Janairu 2025 a Kuching ta Maleshiya 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19, zuwansu na farko kofin duniya, suka doke Niyu Zilan da maki 2. Ruwa ya sa an rage wasan zuwa oba 13, muka ci 65, suka tsaya a 63. Niyu Zilan fa, ƙasar da manyan matanta suka ɗauki kofin duniyar T20 wata uku kafin nan. Lucky Piety ce kyaftin. Daga baya suka ƙara da Ayilan. Kafin nan a Maris 2024 babban tim na mata ya ɗauko tagulla a wasannin Afirka a Accra.

Wannan maki 2 ɗin ya fi maki 264 da muka ba Kwaddibuwa nauyi nesa ba kusa ba. Amma ka tambayi mutum goma a bencin mai shayi, babu wanda ya ji shi. Na tambaya ranar, babu.

Ba kuma daga sama ya faɗo ba. Matan sun samu abin da nake roƙa wa mazan, wato gasa mai dawowa duk shekara wadda kowa ya san da zuwanta. Akwai ta gayyata da hukumar kurket ta Najeriya ke shiryawa a Legas tun 2022, akwai gasar Kwibuka a Ruwanda da suke zuwa. In ɗan wasa ya san watan kaza akwai wasa, atisayensa daban yake da na wanda ke zaman jiran a kira shi a waya.

"Ina kuɗin?"

Wannan ita ce hujja mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Ɗaukar mutum ashirin a jirgi zuwa Windhoek ko Entebbe da otal da abinci na sati biyu, da dala a yadda take yanzu, ba wasa ba ne. Kuma a yi adalci, hukumar ƙarƙashin Uyi Akpata ba barci take ba. Sun kawo Steve Tikolo a 2022, mutumin da ya ja Kenya zuwa wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniyar 2003. An je Entebbe a 2021 an buga da Uganda da Kenya, a Disamba 2024 an je Kigali har aka kai wasan ƙarshe Uganda ta ci mu. Irin waɗannan nake so. Ƙorafina shi ne su zama doka, su daina zama abin da ake yi in an samu hali.

Sannan kuɗi ba ya zuwa wajen abin da ba a sani ba. Mai kamfanin lemo ko na siminti ko banki da za ka je wa da kwanon bara sati uku kafin tafiya, me zai sa ya ba ka? Amma ka je masa da takarda ka ce ga wasanninmu na shekara biyu, Uganda za ta zo a watan kaza, za mu je Namibiya a watan kaza, za a nuna a YouTube, sunanka na kan riga, ai ciniki kuke yi yanzu. Ko mai shago a Kantin Kwari ya fi son abokin hulɗar da ya san ranar zuwansa.

Ni dai a matsayina na mai bibiya, sau da yawa sai an gama wasa nake ganin sakamako. In ni da nake nema haka nake fama, ina ga wanda bai damu ba.

Kuma ba dole sai mun tafi ba. Kawo su ya fi arha ta wani fannin, ga filin Tafawa Balewa a Legas, ga filaye a Abuja da suka isa karɓar baƙi. Zimbabwe ba za ta turo mana babban tim ɗinta ba, na sani, ba ta da ribar haka. Amma tim ɗinta na biyu fa? Na Namibiya na biyu fa? Su ma yaransu na neman wasa, kuma na biyun nasu ya ishe mu jarrabawa a yanzu.

Abin da ya shafe mu a nan Arewa

Akwai mai cewa wasan Turawa ne da 'yan Legas, ina ruwanmu. Ƙwallon ƙafa fa daga ina ta zo, Daura? Kurket ya daɗe a ƙasar nan, tun 1904 ake buga shi tsakanin Legas da Gold Coast wato Ghana ta yau, kuma a nan Arewa an buga shi a Kwalejin Katsina da ta koma Barewa, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ni kaina a makarantar kwana na fara riƙe sanda, a wani fili da siminti ya tsattsage, kayan kuwa sun girme mu duka, fad ɗin ƙafa ɗaya muke karɓa-karɓa. Kafin mu gama malamin da ke kula da abin ya yi ritaya, aka kulle kayan a sito, gara ta gama da su. Da na koma bayan shekaru an yi gini a filin. Ina jin labarin makarantu da yawa kenan.

Amma ga wani abu da muke da shi wanda ban ji ana maganarsa ba: rani. Babban abokin gabar kurket ruwan sama ne, da ya sauko an tashi. 'Yan matan nan ma a Maleshiya wasanninsu biyu ruwa ya cinye ba a buga ba. Mu kuwa daga ƙarshen Oktoba har zuwa Afrilu a Kano ko Katsina ko Zariya za ka iya rantsuwa ba za a yi ruwa ba, a daidai lokacin da Harare ke cikin daminarta. Wata shida na sararin sama kyauta. Na san akwai hazo, ranar da ya yi kauri mai tsaron nesa ba zai ga bal a sama ba, kuma Maris da Afrilu zafi sai a hankali. To Nuwamba da farkon Disamba fa, ko Fabrairu? Abin da ya rage fili ne mai ciyawa a tsakiya da rijiyar burtsatse da abin daddaɓe ƙasa da mutum ɗaya da ya san aikin. Jihar da ke iya kula da filin folo da dawakansa ba za ta ce wannan ya gagare ta ba.

Ranar da aka ce Najeriya da Kenya za su buga a Kaduna ƙofa kyauta, 'yan makaranta dubu biyu suka cika wajen, a cikinsu za a samu yaro goma da za su koma gida su fasa katako su yi sanda. Yaran da ke harbo mangwaro da dutse daga nisan taku talatin, waɗanda suka tashi da langa da jifa da gwafa, kar a ce min babu mai jifa a cikinsu. Afganistan a sansanonin gudun hijira na Peshawar yaranta suka koyi wasan nan da bal ɗin tanis da aka naɗe da tef, sun shiga ICC a 2001, shekara ɗaya kafin mu samu namu matsayin, a 2024 kuma suka doke Ostireliya suka kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya. Yawancin wasanninsu na "gida" ma a ƙasar wasu suke buga su.

"T20 ai ba kurket ba ne"

Wannan ta tsofaffin hannu ce, masu son farar riga da shan shayi a tsakiyar wasa. Ina girmama su, kuma sun yi gaskiya a abu ɗaya, wanda bai taɓa tsayawa ya buga oba 50 ba yakan rasa haƙuri, da an fitar da mutum uku sai sauran su bi kamar an tsinke carbi, kuma wannan ciwo ne da na sha gani a tim ɗinmu. A riƙa buga mai tsawon a cikin gida don gyaran hannu.

Amma ƙofar da ke buɗe mana T20 ce. Kofin duniyarsa ƙasa 20 yake ɗauka yanzu, shi ne aka ga Amurka ta doke Pakistan a 2024, shi ne Italiya ta samu gurbi a na 2026, shi ne kuma za a buga a Olamfik na Los Angeles a 2028, karo na farko da kurket zai koma can tun 1900. Awa uku ne, daidai da haƙurin ɗan Najeriya da kuma cajin wayarsa.

Kenya kuma ta isa gargaɗi ga mai ganin suna kaɗai zai riƙe shi. Daga kusa da ƙarshe a 2003, manyan wasanni suka yi ƙaranci, rigimar hukuma ta yi yawa, zuwa 2014 sun rasa matsayinsu na buga cikakken wasan ƙasa da ƙasa na oba 50, yau ga su nan muna fafutukar gurbi ɗaya da su.

Da na gama wannan dogon bayani a bencin, ƙanin nawa ya karɓi wayarsa ya ce "To Yaya yaushe ne wasanmu na gaba, mu je mu kalla?" Na buɗe baki na rufe. Na ce masa bari in duba in faɗa maka. Ya ce in an sa rana shi zai biya kuɗin mota in dai bai wuce Abuja ba, sannan ya juya suka ci gaba da musun Arsenal.